Tasha a Kan Ƙyaure

Tsohon ƙyauren ɗakin Asabe na ciro,
na kwantar da shi bisa bulo huɗu a zaure,
na ce, nan ce Zariya.
Mudi ya yi dariya har da riƙe ciki,
wai Kaka ya fara ruɗewa.

Shekara talatin da ɗaya ina juya layi a Sabon Gari,
na Kano dama, na Gusau hagu.
Hannun nan ya san nauyin ƙarfe
fiye da yadda ya san lomar tuwo.
Yau ga shi yana rawa a kan tsinken ashana.

Tsinke ɗari bakwai da 'yan kai,
na karye kawunansu, na jera su kwance,
faɗin farce tsakanin wannan da wancan.
Na warware jan ƙarfe daga cikin matacciyar fanka,
na miƙe shi da bakin guduma, ya zama dogo.
Tsakuwar kuwa, sai da na gangara Kubanni,
na tankaɗe yashi da rariyar gidan nan.
Surukata har yau ba ta huce ba.

Kufena na kwaɓa da yumɓu da tsohuwar jarida,
ya tsage sau biyu.
Dutse ma, in ka gaggauta masa, fushi yake yi.
Soson wanka ya sha koren fenti ya zama rimi,
garin katako daga Tudun Wada ya zama ciyawa,
fasasshen madubi ya kwanta ƙarƙashin gada,
in na leƙa kogin, furfurata nake gani.

Tashar kanta kwalin sukari ce.
Rufin, gwangwanin madara na buɗe,
na ja masa layi da ƙusa har ya yi kwano,
na shafa masa ruwan goro don ya yi tsatsa,
don ni ban taɓa ganinsa sabo ba.
Agogo maɓallin riga ne,
na tsayar da shi huɗu saura kwata.

Da ɓargon kara na sassaƙa mutanena:
Ogbonna direba da hularsa a karkace,
Adisa mai tikiti, ba ya rabo da asuwaki,
sai wata 'yar ƙarama can ƙarshen dakali
da faranti a ka, na yanka shi daga murfin kwalba.
Mudi ya ce, wannan fa?
Na ce, mai gyaɗa ce. Miƙo min gam.

Waya ba fannina ba ce.
Shi ya shiga ƙarƙashin ƙyaure ya yi rigingine,
yaron da ke gyaran salula a PZ,
tocila a baki, ƙaurin dalma ya cika zaure.
Ja nan, baƙi can,
ƙwan fitila guda a kan sigina,
injin tsohuwar rediyon kaset a cikin kan jirgi,
batir huɗu ɗaure da kyauron roba.
Kwana uku, ko motsi.
Na ce, haka na gaskiyar ma yake yi.

Ran Alhamis bayan isha'i aka ɗauke wuta.
Ya haɗa bakin waya biyu cikin duhu.
Sigina ta kama, ja kamar gauta.
Jirgi ya yi tari, ya girgiza,
ya tashi

da baya.

Ya bar gada da baya, ya bar Kufena da baya,
ya ratsa inuwar rimi,
tarago na jan kai, kai na bin tarago.
Kash, in ji Mudi, na juya wayar,
bari in sauya.

Na riƙe masa hannu.

Ya zo daidai ƙarshen dakali,
inda na bar tudun gam ban kankare ba,
ya sarƙe, ya tsaya yana gurnani
gaban mai faranti.

Huɗu saura kwata.

Na ce, bar shi, ɗan nan.
Batir ne, ai zai ƙare da kansa.
Gobe ma gyara.